Tabon da ke Bayan Hannun Yagana

Duk yarinyar da ta zo wurina koyon ƙunshi, abu na farko da take yi shi ne ta zaro waya ta nuna min zanen da ta riga ta iya. Wai ta koya a bidiyo, abin da ya rage kawai in ba ta kujera da masu zuwa. Sai in karɓi wayar in yaba, don gaskiya wani zanen ya fi nawa kyau, sannan in miƙa mata turmi da taɓarya in ce ta je bayan ɗaki ta daka min ganyen lalle. Da yawansu ba sa dawowa washegari. To ku da kuka dawo, ku gyara zama. Zane shi ne mafi sauƙi a wannan sana'a. Abin da yake da wuya shi ne hannun mutum da za ku riƙe, da sanin abin da za ku yi idan kuka ga wani abu a jikinsa.

Sunana Bintu, amma a unguwannin garin nan, daga nan Bulabulin har Dala, Ya Bintu mai ƙunshi ake ce min. A hannun ƙanwar kakata na koya, Kaka Amsa, a wani tsohon gida cikin Yerwa, wato Maidugurin nan tamu. Ta daɗe ba ta bar ni na taɓa ƙafar kowa ba, daka da tankaɗe kawai. Ganye ya bushe a inuwa, a daka shi ya yi laushi, a tankaɗe da ɗankwali mai shara-shara har sai babu tsinke ko ɗaya, a kwaɓa da ruwan ɗumi da lemun tsami, a rufe a bar shi ya tsumu. A lokacin babu salatif da reza, babu wannan ledar zane mai siririn baki da kuke taƙama da ita. Zunguru ne da tsumma. Idan ta ga gudaji a kwaɓina ba ta faɗa. Sai ta lakato ta ɗiga min a goshi, ta hana ni gogewa, in yi ta yawo cikin unguwa da shaidar lalacina har ya koɗe da kansa.

Abu biyu ta kafa min, kuma su nake kafa muku. Na farko, kafin lalle ya taɓa hannu, ke da kanki za ki wanke shi, ki juya ciki da baya a gaban haske. Ki nemi ƙurji, ki nemi yanka, ki nemi ƙuna. Na biyu, wadda kika ɗaure ta zama amana a wuyanki. Mace da jan lalle hannu da ƙafa, an naɗe ta da leda, ba ta iya sosa hancinta, ba ta iya korar ƙuda, ba ta iya ɗaga kofi. Ba a barin ta ita kaɗai. Idan abinci ya zo a baki ake ba ta. Mu nan Barno wannan yana cikin daɗin ƙunshin ma: yarinya ta miƙe ƙafa a kan tabarma, gwaggonninta suna yago mata nama suna sa mata a baki, ana tsokanarta ana dariya har lallen ya kama.

In kika daɗe kina wanke hannuwa sai ki fara gane su. Mai wankau hannunta ya jeme. Mai tuyar ƙosai tana da ɗige-ɗigen mai har gwiwar hannu. Ɗaliba tana da kanta a gefen yatsa inda biro yake zama. Akwai kuma shatin da ba aiki ne ya yi shi ba, ki gani ki sa a ranki. Mace in an ɗaure ta babu inda za ta je, bakinta ne kawai a sake, saboda haka za ki ji abin da ko mahaifiyarta ba ta ji ba. Wadda ta kwashe ta kai wani gida, ta gama sana'a a garin nan, ko da zanenta ya fi na kowa.

Shekarar da ta fi kowacce muni ita ce wadda aka sa dokar hana fita, aka kuma yanke layin waya. Biki ya tsaya. Wanda ya matsu sai a ɗaura aure da safe, a kai amarya kafin la'asar, babu shagalin daren wushe-wushe, babu dilka, babu halawa. Lallen da na daka ya zauna cikin tulu har ƙamshinsa ya gudu. Na koma haɗa turaren wuta, shi ma wa zai saya? Waɗanda suke zuwa min a lokacin yawanci mata ne da suka fita daga takaba, 'yan uwansu su kawo su a sa musu ɗan ja a tafin hannu don su dawo cikin mutane. Ba a zane, ba a hira. Na yi wannan ƙunshin har na daina tambayar yadda mijin ya rasu.

A haka na san Hajja Kaltum. Mijinta fataucin shanu yake yi, ya fita wata safiya zuwa kasuwar ƙauye, ba a sake ganinsa ba, sai labari. Ta koma gidan yayanta a Dala da 'yarta guda, Yagana. Ranar da aka kira ni in yi wa uwar ƙunshin fita takaba, yarinyar tana raɓe a jikin ƙofa, ba ta wuce 'yar firamare ba, kumatu cike, tana cin dublan. Na lura duk wanda ya shigo gidan da abin da yake miƙa mata. Wannan gireba, wancan alawa, matar kawunta Ya Fanna kuma ta ce a ƙara mata burabusko, biskin geron nan namu, marainiya ce. Ba wanda ya zauna ya yi mata maganar babanta. In ta fara kuka sai a toshe bakin da abin zaƙi, kuma da zuciya ɗaya suke yi, tausayinta suke ji.

Tun daga nan duk sallah ni nake mata ƙunshi. Ta tashi da jiki, masha Allah, fara'a gare ta da kaifin kai. Amma da ta zama budurwa, bakunan da suke cewa a ƙara mata su ne suka koma kiran ta Buhu. A gidan biki a ce ta matsa kar ta karya kujera. Tela ya ce yadinta ba irin na sauran ba ne. Ita ma ta yi dariya tare da su, har ta riga su faɗa. Bayan ta shiga jami'a ta yi wani dogon zazzaɓi, ta tashi ta zube. Ina zaune a gidan na ji mata suna ta yabo, wai ciwon ya yi mata rana, yanzu ta fito mace, ta yi ƙoƙari kar ta bari jikin ya dawo. Yarinya ta tashi daga jinya ko tsayuwa ba ta gama iyawa ba, abin da aka tarbe ta da shi ke nan.

Wani jajiberin ƙaramar sallah ta zo nan shagon a yi mata baƙin fulawa. Na wanke hannun, na juya bayansa, sai na ga tabo a kan gaɓoɓin yatsu biyu na hannun dama, manuniya da na tsakiya. Wurin ya yi duhu ya yi kanta, gefe guda kuma da ɗan sabon ƙujewa. Na tambaya, ta ce murfin tukunya ne ya ƙona ta. Ƙuna na sani, ba haka take ba, amma ban ja maganar ba. Na kewaye wurin da zane, domin ba a sa dayis, baƙin da muke zane da shi, a kan fatar da ta buɗe. Da babbar sallah ta dawo, tabon yana nan, kuma sabo ne fil. A wannan karon ta ce ƙofa ce ta datse ta.

Akwai wasu abubuwan da na gani, sai dai a lokacin ban haɗa su wuri guda ba. Ba ta rame ba, ba ta yi ƙiba ba, jikinta daidai kamar na kowa, shi ya sa ba wanda ya damu. Amma ƙasan kunnuwanta ya ɗan kumbura har fuskar ta yi faɗi. Muryarta kullum a dishe, ta ce mura. Kullum da kanumfari a bakinta. Na miƙa mata ardeb mai sanyi, ruwan tsamiyar nan, ta kurɓa sau ɗaya ta runtse ido, ta ce haƙoranta ba sa son sanyi. In aka kawo abinci ta ce tana azumin nafila, ko ba Litinin ba ce ba Alhamis ba. Uwarta har alfahari take yi da wannan, tana cewa Yagana ta fi ta ibada.

Abin ya fito fili ne ranar ƙunshin 'yar kawunta, can gidansu na Dala. An tara ƙawayen amarya a babban falo, na fara da su tun da hantsi. Yagana ta so a yi mata baƙi kawai a hannu ɗaya, wai tana da aiki a kicin. Ya Fanna ta ce ba ta isa ba, ƙanwar amarya guda, ja za a sa mata hannu da ƙafa kamar kowa. Bayan an yi azahar na yanka salatif na manna mata, na shafe tafin ƙafa da yatsu, na naɗe da leda, na ɗora ƙafafun a kan matashi.

Sai ga naman danderu da sinasir an shigo da su, ƙamshi ya cika falon. Ya Fanna ta zauna gabanta da faranti. Yagana ta ce azumi take. Ya Fanna ta ce, "Azumi ranar ƙunshin 'yar uwarki? Ai na gan ki kina shan ruwa da safe. Buɗe bakin nan, yarinya."

Ta buɗe. Loma ta farko da ƙyar ta haɗiye. Daga ta uku kuwa sai na ga abin da ban taɓa gani ba. Tana haɗiya ba ta taunawa, idonta a kan farantin, kafin Ya Fanna ta yago wani ta riga ta miƙo baki. Faranti ya ƙare ta ce a ƙaro. Mata suna ta shewa, wai ashe Buhu tana nan ba ta tafi ba. Ita ba ta ji su ba ma. Ba fuskar mai jin daɗin abinci ba ce, fuskar wadda ake kora ce.

Da aka ɗauke farantin na biyu sai ta sunkuyar da kai. Gumi ya keto mata. Ta dubi ƙofar da ke fita tsakar gida, ta dube ni, ta ce a hankali in kwance ta. Na ce ko rabin kamawa bai yi ba, ta yi haƙuri. Ta sake cewa, na ce in fitsari ne zan sa mata leda biyu a ƙafa in raka ta. Kafin in rufe baki ta sa haƙori ta yage ledar hannun dama, ta miƙe a kan lallen, ledar ƙafa ta fashe, ta fita da gudu tana barin sawu a kan tayil har ƙofar bayi. Gidan ba babba ba ne. Kowa ya ji aman.

Sai wata tsohuwa ta ce budurwa da kwaɗayin nama da amai, ai ba sai an tambaya ba. Wata ta ce ko iska ce ta shafe ta a makaranta. Ya Fanna ta ce dole maigidanta, kawun yarinyar, ya ji, in haka ne karatun ya ƙare. Hajja Kaltum tana tsaye riƙe da tire, fuskarta kamar an watsa mata toka. Ni dai abin da na sani shi ne ni na ɗaure yarinyar nan, kuma ba a barin wadda aka ɗaure ita kaɗai. Na ɗauki buta da lemun tsami da tsumma na bi sawun.

Na same ta zaune a ƙasa a bayan bayin, ta jingina da bango tana haki. Ta ɗago, sai na ga lalle a leɓenta, da gefen bakinta, har haɓa. Na dubi hannun. Lallen yatsu biyun nan ya goge, tsohon tabon yana zubar da jini, da shatin haƙori a jikinsa. A nan kaina ya haɗa abin da na daɗe ina gani. Ba tukunya ba ce, ba ƙofa ba ce. Kuma aman ba zuwa yake yi da kansa ba, ita take janyo shi. Tausayinta ya kama ni.

Ban tambaye ta komai ba tukuna, domin lalle ba ya jira. Na matse lemun tsami a tsumma na shiga goge mata baki kafin ya kama, kar ta yi mako tana yawo da shi a fuska. Ina gogewa na ce, "Tun yaushe?"

Ta ce tun bayan zazzaɓin nan. Sai maganar ta ɓalle. Ta ce da farko tsoro ne kawai, kar jikin ya dawo a koma kiran ta da sunan nan. Sai ta riƙa hana kanta abinci yini guda. In yunwa ta kai mata ko'ina, ko ranta ya ɓaci, ko jarrabawa ta matso, ko ta ji wata ƙara mai ƙarfi ta tuna shekarar da babanta ya tafi, sai ta sayi abinci ta kulle kanta a ɗakin kwanan ɗalibai lokacin da sauran suke aji. Ta ci, ta ci, ba ta jin ɗanɗano, ba ta iya tsayawa, har cikin ya yi kamar zai fashe. Daga nan sai kunya da ƙyamar kanta su rufe ta, ta je ta fitar. Ta ɗan samu sauƙi, ta yi rantsuwa ba za ta sake ba, ta ɗaura azumi, ta sha shayin rage ƙiba da ake tallarsa a waya. Kwana kaɗan abin ya dawo. Ta ce yanzu in ta sunkuya ruku'u jiri take gani, zuciyarta takan yi wani irin tsalle cikin ƙirji, kuma ta taɓa ganin jini.

"Ba yunwar ciki ba ce, Ya Bintu," in ji ta. "Wani rami ne a nan." Ta nuna ƙirjinta. "Don Allah kar ki faɗa wa Mama. Gara su ce ciki ne, gwaji zai wanke ni. Wannan kuwa me zan ce musu?"

Na ce mata ni ban san sunan wannan ciwo ba, ban kuma san maganinsa ba, amma na san jini da jiri ba abin rufewa ba ne. Na ce sirrin matan garin nan da yawa yana cikina kuma da shi za a binne ni, amma ban taɓa riƙe wanda zai kashe mai shi ba. In aka tsaya a kan maganar ciki, gwaji zai wanke ta, kowa ya koma harkarsa, ita kuma ta koma ɗakin nan ta kulle ƙofa. Na ce ba zan faɗa a bayan idonta ba. Ita za ta faɗa, ni kuma ina zaune kusa da ita.

Bayan la'asar muka ja Hajja Kaltum ɗakinta muka rufe ƙofa. Ba zan yi muku ƙarya ba, ba ta karɓe shi da kyau ba. Da ta gane ba ciki ba ne ta yi hamdala, da ta gane mene ne sai ta tashi da faɗa. Ta ce mutane suna sansanin gudun hijira suna layin garin tuwo, ita an ba ta ta ci ta je ta zubar a masai, wannan almubazzaranci ne da rashin godiyar Allah, ta daina kawai. Yagana ta ce, "Mama, da daina shi a hannuna yake, da ba ki taɓa ji ba." Na kamo hannun yarinyar na ɗora a cinyar uwar, na juya bayansa. Hajja Kaltum ta daɗe tana kallon tabon. Sannan ta rufe shi da tafinta, ta yi kuka irin wanda ban ga ta yi ba ko ranar fitarta takaba.

Ya Fanna ta dage sai an je asibiti an yi gwaji don a rufe bakin mutane, kuma wannan dagewar ta yi amfani. Na roƙi Hajja Kaltum in sun shiga kar su tsaya a gwajin, su faɗa wa likita komai. Suka dace da wata likita mai haƙuri. Ta duba maƙogwaro da haƙora, ta sa aka ɗebi jini, ta ce yawan aman ya rage wasu sinadarai da zuciya take buƙata, kuma da an ƙara jinkiri abin zai iya zuwa da mummunan labari. Ta ce ciwo ne sananne, bulimiya ake ce masa. Ba haɗama ba ce, ba iska ba ce, ba kuma ciwon 'ya'yan Turawa ba ne kaɗai. Yakan kama wanda ke ɗauke da damuwa ko baƙin ciki da bai samu inda zai sauke ba, ko wanda aka dame shi da maganar jikinsa har ya tsani kansa, mace ko namiji. Ta ce ana warkewa, amma sai an haɗa da likitocin da ke kula da damuwa. Nan Hajja Kaltum ta ja tunga, ta ce 'yarta ba mahaukaciya ba ce. Yagana ce ta ce za ta je, ko da rakiya ko babu. Uwar ta ɗauki mayafi ta bi ta.

Ni kuma na kawo tawa dabarar, wadda nake ganin ta fi ta kowa. Na ce tunda ɗauri ne ya tona abin, a riƙa kawo min ita kullum bayan ta ci abinci in naɗe hannuwan da lalle, mu ga ta inda za ta bi. Da suka faɗa wa likitar, aka ce ta yi dariya, ta ce a gaishe ni amma kar in kuskura. Ba ɗauri take buƙata ba, ba gadi ba. Ta riƙa cin abinci a kan lokaci ba tare da tsallakewa ba, don doguwar yunwa ce take jawo cin da ba ya tsayawa. Ta ajiye shayin nan da azumin nafila. Bayan ta ci, wani ya zauna da ita a yi hira har abin da ke taso mata ya lafa. Kuma a daina yi mata maganar jiki kwata-kwata, ko ta yabo ce. Da azumin Ramadan ya matso likitar ta ce ba bana ba, kawunta da kansa ya je ya tambayi malami, aka ce masa mara lafiya yana da sauƙi a addini, ta rama in ta warke.

Ranakun da ba ta da aji da rana sai ta zo nan da kularta. Ta ci a wancan lungun, sannan ta zauna tana yanka min salatif. Farko-farko ina ganin lokacin da abin yake taso mata. Reza ta tsaya a hannunta, ƙafarta ta kama rawa, ido ya tafi ƙofa. Ba na ce mata komai a kai. Sai in ɗauko labarin Kaka Amsa, ko na amaryar da ta yi barci ta dafa kumatunta da ɗanyen lalle ana gobe ɗaurin aure. Wani lokaci ta yi dariya, wani lokaci ta yi hawaye, wani lokaci kuma ta tashi ta fita, in ta dawo mu ci gaba da aiki ba tare da na dube ta da wani ido ba. A hankali fitar ta ragu.

A gida ma abubuwa sun canza. Hajja Kaltum ta fara ba ta labarin babanta, yadda yake gane saniya mai lafiya daga tafiyarta, da yadda yake ɗora ta a wuya ya kai ta kallon raƙuma. Duk shekarun nan kowacce tana ɓoye kukanta don kar ta tayar wa ɗayar. Ya Fanna kuwa, wadda ta fi kowa kiran sunan nan, ita ta koma mai tsare ƙofa. A wani suna wata baƙuwa ta ce Yagana ta fara murmurewa, ta yi hattara. Ya Fanna ta ce mata jikin 'yarsu ba akuyar kasuwa ba ce da kowa zai taɓa ya faɗi nauyinta, ta sha kununta ta yi shiru. Kawun bai cire ta daga makaranta ba. Ta gama, yanzu tana koyarwa a wata sakandaren 'yan mata.

Kada ku ɗauka abin ya tafi kamar an ɗauke da hannu. Yakan leƙo. Lokacin ambaliya, da ruwa ya kore su daga gida suka zauna a gidan mutane, ya dawo mata da ƙarfinsa. Bambancin shi ne a ranar ta faɗa wa uwarta, suka nemi likitarta da hanya ta buɗe. Shi ya sa nake ce muku, in kuka wanke hannu kuka ga irin wannan tabo, ko kuka lura yarinya kullum tana tashi zuwa bayi da zarar ta ajiye cokali, kar ku yi shela, kar ku yi wa'azi, kar kuma ku kawar da kai. Ba duk tabo ne wannan ba, kuma ku ba likitoci ba ne. Ku jira ku kaɗaita da ita, ku tambaya a hankali, ku nuna mata hanyar asibiti.

Ana saura kwana uku babbar sallar da ta wuce shagon nan ya cika har waje, wasunku kuna nan. Yagana ta shigo daga makaranta da jakarta, ta gaishe ni, ta samu gefen benci ta zauna jiran layi cikin 'yan mata da ba ta sani ba. Ina tsakiyar zana wa wata fulawa a dantse. Can sai na ji muryarta, a sake, yadda kowa zai ji.

"Ya Bintu, akwai sauran burabuskon da na ji ƙamshinsa? Wallahi yunwa nake ji."

Tun tana ƙarama nake riƙe hannun yarinyar nan, ban taɓa jin ta faɗi wannan kalma a gaban mutane ba. Ba wanda ya waiwaya, don a wurinsu magana ce kamar kowace. Ni kuwa daɗi ya cika ni har idona ya kawo ruwa. Na ajiye ledar zanen, na ce wa mai fulawar ta yi haƙuri kar ta motsa, na shiga ciki na ɗauko faranti.